Ɗinkin Da Ba Na Baba Ba

Wata biyu ke nan, amma har yanzu idan murfin tukunya ya faɗi a madafi sai in nemi bango in dafa. Umma ta ce in riƙa addu'a. Ina yi. Ƙarar ce dai ta ƙi barin kunnena.

Yayana ɗan wasan besbol ne. Dole in yi bayani, domin a Ƙofar Jatau ma, inda aka haife mu, ya fi shekara goma yana wasan amma har yau tsofaffin unguwa "ƙwallon sanda" suke cewa. Mutum ɗaya ne yake jefo wata 'yar ƙwallo mai tauri kamar dutse, wani ya tsaya da sanda ya maka mata, ya ruga yana zagaya kusurwa huɗu, sauran suna warwatse a fili da safar hannu ta fata suna neman cafewa. A bayan mai sanda akwai wanda yake tsugunne, shi ke kama duk ƙwallon da sanda ta kuskure. Shi wannan dole ya ɗaura takunkumin ƙarfe a fuska, saboda ƙwallon kansa take nufowa, da gudun da ido ba ya iya bi.

Kowane ɗan wasa yana da wurinsa. Yaya ne kaɗai ba shi da wuri. Yau yana kusurwa ta farko, gobe yana can ƙarshen fili inda rana ke dukan ido, jibi shi ne a tsugunne. Ya taɓa yin jifa ma, ranar da masu jifansu biyu suka kwanta da zazzaɓi a hanya. Idan ya isa fili ba ya tambayar inda za a sa shi. Ajiye jaka yake yi ya ɗaga murya ya ce, "Ina ne babu kowa?" Har abokan wasansa suka mayar da maganar sunansa.

Wani malami ne ya koya musu a sakandare. Sauran 'yan ajinsu duk suka watsar, shi ya riƙe. Wata ƙungiya a kudu ta ɗauke shi aiki, daga can kuma ya yi shekara biyu a wata ƙaramar ƙungiya a ƙasar waje, inda ya ce sanyi yana sa ƙwallo ta ciji hannu. Bai taɓa zama wanda ake sa hotonsa ba. Ya ce mini masu horarwa suna son sa ne domin kujera ɗaya yake ci a mota amma aikin mutum biyar yake yi. Yana faɗa yana dariya. Ban sani ba ko abin yana masa ciwo.

Bakinsa ba ya hutawa. Aljihunsa na baya kullum da ƙuli-ƙuli, yana tsaka da wasa zai gutsura. Idan yana tsugunne a bayan mai sanda, ko da mutumin ba ya jin Hausa, sai ya yi ta masa hira: "Alhaji, ka karya kuwa? Na ga hannunka yana rawa. Sannu a hankali, kada ka ji wa iska ciwo." Idan mutumin ya kai duka ya kuskure, sai ya yi masa jaje kamar an yi rashi. Safar hannunsa biyar, kowace da sunanta, akwai wadda yake ce wa uwargida. A unguwa ma haka yake. In ladan ya yi mura, muryar Yaya za ka ji. In an yi rasuwa, yana cikin masu haƙa. In ana suna, shi ne mai rabon goro, yana yi yana kwaikwayon tafiyar kowa.

Kakarmu ta wajen uba ita ta goya shi, kuma ita kaɗai ce take iya masa. "Mijin banza," haka take tarbarsa. "Maza suna zuwa ƙasar Turawa su dawo da mota, kai ka dawo mini da takunkumi kamar kura."

"To amarya, ai don kada in cije ki ne."

"Da wane haƙorin? Wanda ƙuli-ƙuli ya gama da shi?"

Da Baba da Umma kuwa babu irin wannan. Yaya ɗan fari ne, kuma gidanmu na mutanen da ne. Umma ba ta taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" take cewa, in ya shigo ta ba shi abinci tana kallon wani wuri. Baba kuma gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Ba faɗa ba ne, kunya ce. Ko lambar wayar juna ban tabbata suna da ita ba.

Baba baduku ne. A zaure yake aiki, kan buzunsa, da basilla da aska da ƙullin kakin zuma a gefe. Bai taɓa zuwa kallon wasa ba, bai taɓa cewa yana so ko ba ya so ba. Amma tun Yaya yana sakandare suka yi wata yarjejeniya da ba a taɓa furtawa ba. In safar hannu ta yage ko igiyarta ta tsinke, Yaya zai ajiye ta a kan buzu lokacin da Baba ba ya nan. In ya dawo bayan kwana ɗaya ko biyu, zai same ta a rataye a ƙusar da ke bayan ƙofa, an gyara. Babu na gode, babu ga shi nan. Buzu da ƙusa, su ke magana a madadinsu. Kuma abin da ya hau ƙusar nan Yaya ba ya dubawa. Ya taɓa ce mini a can waje masu gyara da inji sun juya ɗinkin Baba suna tambayar wane kamfani ne.

Ni ɗinkin hula nake yi tun da na gama sakandare. Hannuna yana da kyau, kowa yana faɗa. Hular da Yaya yake sawa in zai tafi fili ni na ɗinka masa.

Ranar Alhamis da la'asar, Baba yana masallaci, Yaya ya biyo ta gida daga ɗakin da yake haya a Tukur-Tukur, ya ajiye takunkuminsa a kan buzu ya wuce. Tsohon takunkumi ne, wanda ya zo da shi daga waje. Maɗaurin fata da ke riƙe shi ta bayan kai ne ya tsinke a gefen dama. Suna da wasa ranar Asabar da wata ƙungiya da za ta zo daga kudu.

Baba bai dawo zaure ba. A ƙofar masallaci aka gaya masa amininsa ya rasu a wani gari mai nisa, ya aiko a ba shi babbar riga, daga can ya hau mota. Babu wanda ya gaya wa Yaya. Wa zai gaya masa? Umma ba za ta kira shi ba. Ni ce ya kamata.

Da safiyar Juma'a na shiga share zaure na ga takunkumin. Na ɗauka na juya shi. Na ce a raina, wannan ai ba komai ba ne, baki biyu ne za a haɗa. Na san Baba ba zai dawo kafin Asabar ba. Da na ɗauki waya na ce, "Yaya, Baba ya yi tafiya," da ya kai wa wani baduku a Kwarbai ko ya ari na wani. Minti ɗaya. Na sha lissafa minti ɗayan nan.

Amma so nake in yi. Gaskiyar ke nan. Na zauna a kan buzun Baba, wurin da ban taɓa zama ba, na zaɓi zaren hula ruwan ƙasa, na ninka shi huɗu, na murza shi da kakin zuma yadda nake ganin Baba yana yi, har ya yi duhu ya yi sheƙi. Na ɗora bakin fatar a kan ɗan'uwansa na huda da basilla. Fatar ta yi laushi, basillar tana shiga babu gardama, na ji daɗi, na ɗauka sauƙin aiki ne. Ban san mutuwa fatar ta yi ba. Gumin shekaru ya cinye ta. Daga baya na gane Baba ba zai taɓa ɗinke ta ba, yanke ta zai yi ya jefar ya sa sabuwa. Ni kuwa na jera ɗinki ƙanana, a miƙe, tsaf, kamar bakin hula. Na ja da hannuna, ya riƙe. Na rataye a ƙusa.

Asabar da hantsi na ji babur ɗinsa a ƙofar gida. Ina tsaye a bayan ƙofar da ke shiga tsakar gida, tsintsiya a hannuna. Na ji ya zare takunkumin daga ƙusa. Na ji ya ce, shi kaɗai, "Tsoho ya yi aiki." Na rufe bakina da mayafi ina murmushi. Niyyata sai an gama wasa in ce masa, ka san wa ya yi? In ga yadda zai buɗe baki.

Ba ma shi ne zai tsuguna ba ran nan. Can ƙarshen fili aka sa shi. Mun je kallo ni da wata ƙawata, muka zauna a gindin darbejiya tare da 'yan matan da suka zo. Ana cikin wasa mai tsugunnensu ya bugu a yatsa, ya fita yana yarfa hannu. Tun daga ƙarshen fili na jiyo muryar Yaya yana tahowa da gudu, "Ina ne babu kowa?" Mutane suka yi dariya. An miƙo masa takunkumin wancan, ya ture, ya ce kan mutumin ya yi ƙato, ya buɗe jakarsa ya ɗauko nasa.

Daga nan na kasa ɗauke ido daga maɗaurin. Ban san dalili ba, tun da na ja ya riƙe.

Ya yi ta kamawa lafiya, yana zuba. Har inda muke ana jin yana ce wa wani dogon mutum, "Ranka ya daɗe, da wannan tsawon ai gara ka je ka ciro mana mangwaro." Sai wata ƙwallo ta goge sanda ta daki takunkumin a goshi. Ƙarar ƙarfe. Takunkumin ya karkace. Na ga ya kai hannu bayan kansa ta dama, ya taɓa, ya tsaya kaɗan. Sannan ya gyara shi da tafin hannu, ya ɗaga wa mai jifa yatsa, ya koma ya tsuguna.

Na miƙe tsaye. Na sani. Wallahi a lokacin na sani. Tsakanina da shi bai fi taku arba'in ba. Ƙawata ta ja mini hijabi ta ce, "Ke, zauna mana, kin tare wa mutane." Maza ne cike da gefen fili. Ban taɓa ɗaga murya a gaban maza haka ba, kuma me zan ce? In ce ni na ɗinka? Mai jifa ya ɗaga ƙafa.

Ƙwallon ta sake gogar sanda. Yaya ya zabura zai bi ta, takunkumin ya zame ya sauko wuyansa. Wannan karon babu ƙarar ƙarfe.

Bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa kamar wanda ya gaji, hannu biyu a fuska, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa yana sauka a farar rigarsa. Ƙuli-ƙulin aljihunsa ya zube. Ban san me ya sa shi na tsaya kallo ba.

A asibiti likita ya ce ƙashin da ke ƙarƙashin idon dama ya tsage, jini ya taru a cikin idon. Ya ce za a yi aiki, sannan a jira. Kaka ta tambaye shi, "Zai gani ko ba zai gani ba? Ka gaya mini da Hausa." Ya ce, "Hajiya, sai an kwance." Umma tana bakin ƙofar ɗakin, ba ta shiga ba. Ta tambayi Kaka, "Yaron nan ya ci wani abu?" Sai ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna motsi. Ko a ranar ba ta iya kiran sunansa ba.

Baba ya iso da yamma, da ƙurar hanya a rigarsa. Wani abokin wasan Yaya ya kawo jakar gida, takunkumin yana sama. Ina tsakar gida na hango Baba a zaure ya ɗauka ya kai kusa da idonsa. Ya daɗe yana kallon wurin. Zarena bai tsinke ba. Yana nan a jere, tsaf. Fatar ce ta yage ta bi layin hujin da na yi mata, kamar takardar da aka tsaga a kan layi. Baba ya ɗago ya dube ni. Sau ɗaya. Sannan ya ɗauki aska ya yanke maɗaurin gaba ɗaya, ya sa a aljihunsa. Bai ce komai ba, ran nan ko bayan ran nan.

Da duka ya yi mini, da na fi samun sauƙi.

Aka sallamo Yaya da ido a naɗe, aka kawo shi ɗakin Kaka. Mako uku muna jiran ranar kwancewa. Ni ke kai masa kunu, ni ke ɗiga masa magani a ɗaya idon, ni ke wanke masa kaya. Yana ta ƙoƙarin zama yadda yake. Masu dubiya in sun cika ɗaki sai ya ce, "Ku matsa ta hagu, ta dama an rufe shago." Kaka ta ce, "Da ido biyu ma ba ka ga kyauna ba, balle yanzu." Ya ce, "Yanzu ne ma kika yi kyau, amarya, rabinki nake gani." A yi dariya. In sun watse sai ya riƙa murza ƙwallo a hannunsa, yatsunsa suna bin ɗinkinta.

Wata rana da rana ina tankaɗe a ƙofar ɗakin na ji ya ce wa Kaka, da murya ƙasa-ƙasa, "Hannun tsoho ya fara gajiya. Kada ki gaya masa na faɗa. Shekaru ne." Babu fushi a muryarsa, tausayi ne. Baba yana zaure, tsakaninsu bango ɗaya, kuma na san ana ji. Basillarsa ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba.

Na so in shiga in faɗa. Na kai har bakin labule da rariya a hannuna. Sai na ce bari a kwance tukuna, in idon ya gani, maganar za ta yi sauƙi. Kullum abin da nake gaya wa kaina ke nan. In ya gani. Na yi azumi, na yi sadaka da hulunan da na gama, na daina taɓa allura. Ban san me kuma mutum zai yi ba.

Ranar da aka kwance ni na raka shi. Likita ya rufe masa idon hagu ya ɗaga yatsu. "Nawa?" Yaya ya karkata kai yana neman yatsun. "Yanzu fa?" Aka haska masa fitila. Ya ce, "Wannan na gani. Kamar rana ta bayan zani." Likita ya rubuta wani abu mai tsawo. Ya ce haske zai riƙa bambancewa da duhu, wataƙila ya ɗan ƙaru, amma kada mu sa rai da yawa. Yaya ya ce, "Likita, wasa fa?" Likitan ya rufe fayil ya ce a gode wa Allah da ya bar ɗaya.

Muka kamo hanyar gida. Mai Keke Napep ya gane shi ya ce, "A'a, Ina-ne-babu-kowa! Yaushe za a koma fili?" Yaya ya yi masa murmushi kawai.

Muna isa gida, bayan azahar, ya tsaya a tsakar gida ya cire tabaran da aka ba shi. Akwai lemon tsami a faranti kusa da turmi. Ya shiga ɗaki ya fito da safarsa uwargida a hannunsa na hagu, ya ja baya har jikin rijiya. Ya ce, "Ƙanwata, ɗauki lemon nan. Jefo."

Na ce, "Yaya, likita ya ce..."

"Jefo, a hankali."

Na jefa. Mutumin da na ga ya cafe ƙwallo yana gudu da baya, rana a idonsa. Ya miƙa safar, ya rufe ta kafin lemon ya iso. Lemon ya bugi ƙirjinsa ya gangara ƙarƙashin turmi. Ya kalli cikin safar kamar zai same shi a ciki.

"Sake."

Na durƙusa na ɗauko. Ina durƙushen, ban ɗago ba, na ce, "Yaya, ba Baba ba ne. Baba ya yi tafiya tun ranar Alhamis. Ni na ɗinka. Ni na rataye a ƙusa."

Kaka tana bakin ƙofarta da carbi, ta tsaya da ja. Umma tana madafi, na ji ta ajiye ludayi. Daga zaure babu motsi.

Yaya ya sauke safar. Idon da ke gani yana kaina, ɗayan ja, yana kallon wani wuri kusa da ni.

"Da wane zare?"

"Na hula. Na ninka huɗu. Na sa kaki."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ba irin tasa ba. "Kin sa kaki," ya ce. Ya juya kansa wajen zaure, dole sai da ya juya duka wuyansa domin zauren yana damansa. Ya tsaya haka. Na ɗauka zai tafi can, ko zai ɗaga murya ya ce wani abu da Baba zai ji. Bai yi ba. Bai san yadda ake yi ba, kuma Baba ma bai sani ba.

Na ce, "Na ga lokacin da ka taɓa bayan kanka. Na miƙe. Ban yi magana ba."

"Ni ma na ji ya saki," ya ce. "Na ce aikin tsoho ne, zai kai ƙarshen wasa."

Ina jira ya zage ni, ko ya ce ya yafe. Na shirya wa kowanne. Bai ba ni ko ɗaya ba. Ya buga dunƙulen hannunsa a cikin safar sau biyu, yadda yake yi a fili, ya ɗan karkata fuskarsa domin idon hagu ya fuskance ni.

"Tashi. Jefo."

Na tashi na koma wurina. Na jefa. Ya wuce ta gefen kunnensa na dama, bai ma san ya wuce ba sai da ya ji ya bugi murfin rijiya.

Tun ranar, kullum bayan azahar sai ya fito da safar. Jakarsa tana ɗakin Kaka, ba a mayar da ita Tukur-Tukur ba. Takunkumin yana rataye a ƙusar bayan ƙofa da sabon maɗauri na jar fata, ɗinki biyu, ban san ranar da Baba ya yi ba, kuma babu wanda ya sauke shi. Jiya a cikin jifa goma ya kama uku. Bai yi wa lemon hira ba, bai yi mini jaje ba in na jefa a karkace. In ya faɗi ni nake tsugunawa in ɗauko, in koma wurina, in jira ya ce sake.